Wayar da Talle Ya Bi

Shekara ashirin da biyu Talle yana gyaran janareta a Ƙofar Kaura, amma bana kwastomominsa sai dai su ɗaga masa hannu su wuce. Sun sa sola. Da aka buɗe horon kyauta ga masu gyara kan haɗa sola, ya rubuta sunansa, ba don koyo ba. So yake ya kama su da ƙarya, ya tona musu asiri, mutane su dawo rumfarsa.

Shi bai yarda akwai wutar da ke zuwa ba ƙara ba hayaƙi ba. Kwana huɗu yana zaune a bayan aji, Injiniya Haulat mai koyar da su tana zuba bayani, shi kuwa idonsa na kan wata baƙar waya da ta fito daga inbata, akwatin da ke sarrafa wutar sola, ta shige silin. Fanka na juyawa, firji na sanyi, wai duk daga allunan gilashi huɗu da ke kan rufi!

"Wagga waya hwa ta NEPA ce," ya raɗa wa Yahaya, maƙwabcin rumfarsa. "Satowa suka yi."

"Kai dai Talle, ka cika zargi."

Da aka fita sallar azahar, Talle ya yi kamar alwala zai sake, ya dawo. Ya kashe inbatar, fanka ta tsaya, ɗakin ya yi tsit. A sana'arsa, inji in ya yi shiru to babu sauran wuta, ko da haƙori ka ciji waya. Ya jingina tsani, ya hau rufin, kwano na ƙona masa gwiwa. Ya bi wayar taku-taku yana neman inda aka ɗaura ta da ta gwamnati. Bai samu ba. A jikin allunan ta ƙare. Haushi ya kama shi, ya kwance mahaɗin ya cafki tagullar da hannu.

Abin da ya fizge shi ya buga da kwano, har a masallaci an ji.

Yahaya ne ya sauko da shi. Haulat ta duba yatsunsa biyu da suka tashi, ranta a ɓace.

"Baba, tun ranar farko na ce muddin rana na dukan allunan nan akwai wuta. Mi ka je nema?"

"Wayar NEPA."

"Ka ganta?"

"Babu."

Ya zauna a kan benci. Ba ƙunar ce ta dame shi ba. Ya so ƙwarai a ce damfara ce, don da ya san har yanzu yana da sana'a. Ya ɗago ya dubi Haulat.

"Injiniya, ki yi haƙuri ki maido mani bayanin daga farko. Kwana huɗun nan ban ji komi ba."