Shawarar Dakta Urquidi

Shekara ashirin da biyu ina sakatariyar Dakta Anselmo Urquidi, shugaban jami'armu, ban taɓa jin ya yi maganar banza ba. Shi ya sa har yau abin ke ci mini rai.

Ɗalibai sun yi wata guda da mamaye jami'a, don Shugaban Ƙasa Leónidas Arrieta na neman zarcewa karo na uku. Sojoji sun ja daga a bakin ƙofa, amma doka ta hana su shiga. 'Yata Nélida, mai karatun likita, tana ciki, ita ce ma mai riƙe da lasifika. Taurin kan ubanta ta ɗauko kaf.

Ranar Litinin ta makon Ista, babban bikinmu na Kirista, aka kira Dakta fadar Shugaban Ƙasa. Ya tafi da ni don kunnensa ya yi nauyi, ni ke rubuta masa abin da aka ce.

Shugaban Ƙasa ya taso da kansa ya ja masa kujera, don shi tsohon ɗalibin Dakta ne.

"Malam, 'ya'yanka sun hana ni shan kofi cikin kwanciyar hankali. Ya zan yi da su?"

"Ranka ya daɗe, kai ma ka taɓa hawa tebur da lasifika, ni na sauko da kai."

Shugaba ya tuntsire da dariya. "Malam ba ya mantuwa!"

"To ka ji, Leónidas. Kada ka taɓa su. Ka yi haƙuri zuwa Juma'a. Wace uwa ce za ta bar ɗanta ya yi Ista a waje? Daga dubu biyu, da ƙyar ɗari za su rage. Ranar babu jarida, rediyo sai waƙoƙin coci, gari duk yana bin jerin gwanon coci. Ba mai kallonsu, ba mai jin su. Su da kansu za su gaji su fito."

Shugaba ya gyaɗa kai. "Na ji, Malam. Zan jira Juma'a."

Ni kuwa, sakarya, har da hawayen murna. Ranar Laraba na kai wa Nélida miyar busasshen kifi ta ƙofar baya.

"Mama, in taho gida ne? Mutane sai zamewa suke yi."

"Zauna abinki, 'yar nan. Da kunnena na ji, ba wanda zai taɓa ku."

Ni na faɗa. Da wannan bakin nawa.

Ranar Juma'a, ƙarfe uku na rana, ina cikin jerin gwano sanye da baƙi, riƙe da kyandir, sai muka ji ƙarar motocin soja daga wajen jami'a. Masu gangar jerin gwanon ba su tsaya ba. Na jefar da kyandir na ruga, takalmi ɗaya a ƙafa. Ko da na isa, ƙofa a karye, fili wayam, sai littattafai da tukwane a warwatse. Wayyo Allah! Na shiga ina ƙwala wa Nélida kira.

Ranar Asabar mu iyaye mata muka taru a bakin bariki. Wani saje ya manna takardar waɗanda aka kama, mai suna tamanin da ɗaya. Na bi da yatsa sau uku. Babu Nélida.

"Ta ina zan neme ta, Yallaɓai?"

"Mama, wanda ba ya nan, ba mu gan shi ba."

Ana haka rediyon mai sayar da lemo ya katse waƙa, muryar Shugaba ta fito. Wai an dawo da doka ba tare da tashin hankali ba. Wai yana godiya ga malaminsa, Dakta Urquidi, wanda ya ba shi shawarar ranar da ta dace.

Matan suka juyo ɗaya bayan ɗaya. Doña Eduviges, wadda muke zama benci ɗaya a coci, ta kamo hannun rigata.

"Ba ke kika ce wa ɗana ya zauna ba? Ya ce uwar Nélida ta ji da kunnenta."

Ita ma ɗanta ba ya cikin takardar.