Ƙafar da Ta Zo Ta Biyar

Ranar Lahadin da aka yi babban tseren motoci na Buenos Aires, wanda da shi ake buɗe gasar duniya, Nélida Arrúa tana tsakar gida tana guga, rediyo a kan taga. Mijinta Casimiro yana can filin. Shi ne makaniken Hilario Zubeldía, ɗan garinsu ɗaya tilo da ya taɓa shiga sahun direbobin Turai, kuma mutumin da ya riƙe musu 'yarsu ranar baftisma, zumuntar da ta sa suke ce masa compadre, shi kuma yake ce wa Nélida comadre.

Janairu a can tsakiyar bazara ne, zafin na shekarar kuwa ya wuce misali. Mai sharhi sai lissafa direbobin da suka suma yake yi, da waɗanda suka miƙa wa abokan aikinsu mota, abin da doka ta yarda da shi muddin sunan mutum yana cikin rajistar direbobi. Wajen zagaye na sittin Hilario ya shiga rumfar gyara, ya daɗe har mai sharhi ya fara yi masa jaje. Can sai ga motar ta fito, kuma daga nan gudunta ya fi na farko. Ta zo ta biyar. Awa uku shi kaɗai a mota, in ji rediyo.

Shekara goma sha ɗaya Nélida tana aikin jinya a ƙaramin asibitin garin, ba ta taɓa ganin wanda rana ta dafa awa biyu ya ƙara kuzari a ta uku ba. Ta ce a ranta ƙila kishin ƙasa ne, tun da an ce yana yin abin da magani ba ya yi. An dai ce.

Litinin suka dawo ta jirgin ƙasa, gari ya fito tarba har da 'yan badujala. Casimiro ya shigo gida ya gaishe ta daga bakin ƙofa, ya ce a gareji zai riƙa kwana saboda injin yana bukatar a warware shi tun da sauran ɗuminsa. Abincin rana a tsaye ya ci. Yana sanye da wandon ulu na lokacin sanyi, da safar hannu ta aiki wadda bai cire ba ko wajen kama cokali. 'Yarsu ta ruga za ta rungumi ƙafarsa, ya tare ta da hannu tun daga nesa. Da ta tambayi kayan da ya sa a filin don ta wanke, sai ya ce sun ɓata a jirgi.

Maƙwabciyarta Doña Eulalia, wadda ba abin da ke wuce ta ta saman katanga, ta miƙo mata ƙoƙon mate, shayin ganyen ƙasar, tare da fassarar al'amarin kyauta: namijin da ya dawo daga babban birni ya ƙi gadonsa, to, ya baro wani gadon ne a can. Nélida ta kwana biyu da wannan magana. Ta lalube aljihun rigarsa, ta duba wuya, ba janbaki, ba takarda. Abin da ta samu a gidan shi ne an yage rabin tsohon zanen gado daga cikin akwati. Kuma ranar Laraba da ya gifta ta, warin da ya biyo shi ba na turaren mace ba ne. Baƙin mai ne, a ƙarƙashinsa kuma wani ɗan wari mai zaƙi-zaƙi da ta sani daga ɗakin masu ciwo.

Alhamis da rana gari ya gasa shanu biyu a dandali don karrama Hilario. An zaunar da shi kusa da magajin gari, ya naɗe ƙafar wandonsa ta dama, bandeji tun daga gwiwa har idon sawu. Kowa ya san dalili, jaridu sun buga: a irin waɗannan motoci akwai ƙarfen da salansa, wato bututun hayaƙi, ke gasawa, yana manne da ƙafar direba ta dama, duk wanda ya daɗe a ciki ranar sai da ya fito da tambarinsa. Mata suna zuwa suna kallon ƙafar suna yin alamar gicciye a ƙirji.

Nélida ta durƙusa ta ce bari ta canja masa. Ya yi dariya ya janye.

"Haba comadre, yau ma aiki? Tsohuwata ta wanke shi da safe. Je ki ci haƙarƙari kafin limamin coci ya gama da shi."

Ta koma gefe tana kallo. Ƙunar kwana huɗu a wannan zafi, amma bandejin fari sol, ko ɗigon ruwa bai ratso ba. Ƙudaje sun cika teburi, ba ɗaya a kansa. Tafin hannunsa da ya ɗaga kofi sumul, ba alamar ya sha riƙon sitiyari. Da makaɗa suka fara, da wannan ƙafar ya riƙa buga ƙasa yana bin kiɗa. Ta juya neman mijinta, ta hango shi bayan masu gashin nama ya jingina da bishiya, kusa da garwashi, yana rawar sanyi. Da ya ga ta gan shi sai ya sulale. Ta bi shi har gareji ta tura ƙofa.

"Neli, koma wajen nama, zai huce," in ji shi.

"Cire wandon."

"Da rana tsaka? Me Eulalia za ta ce?"

"Za ta ce ga mai shirin takaba. Cire, ko in yanka."

Bai cire ba, ita kuma almakashinta na jinya ba ya barin aljihunta. Ta tsarge ulun daga ƙasa zuwa gwiwa. Tsumman zanen gadon ya manne da nama, ya jiƙe da mugunya da man inji, domin duk makaniken duniya ya san baƙin mai yana kashe ƙuna, kuma ba wanda ya taɓa komawa ya tambayi ƙafafun da aka gwada a kansu. Gefen ciwon ya yi toka-toka. Wani jan layi ya taso daga gwiwa ya nufi cinya, kaluluwa ta fito kamar ƙwan kaza.

Ba ta tambaye shi ba, shi ya faɗa. Hilario ya fito daga mota ya zube a bayan tulin tayoyi, ba ya gane kowa. Ba wani direba a rajistarsu. Shi kuwa Casimiro shi ke gwada motar kullum da safe. Aka kifa masa hular kwano da tabarau, aka ɗaura masa ƙyalle a baki, fuskokin kowa baƙi ƙirin da hayaƙi, wa zai bambance? Da aka gama ya shige rumfa, Hilario ya farfaɗo ya fito ya ɗaga wa jama'a hannu. In maganar ta fita za a soke makin, a kori Hilario daga tsere har abada, garin nan ya zama abin dariya daga nan har birnin Rosario. Likita kuwa ko wane iri ne, kallo ɗaya zai yi wa wannan ƙuna ya san inda aka samo ta. Ya riga ya rantse da kan 'yarsu ba zai nuna ba.

"Na wuce Bature biyu, Neli," ya ce, haƙoransa suna kaɗawa. "Ɗaya ma a kwana."

Murmushi yake yi. Wannan ya fi ƙunar ɓata mata rai.

Ta auna abin a tsaye. Asibitinsu ba allurar fanisilin, likitansu yana dandali ya sha ya yi tatil, kuma bakinsa bai taɓa riƙe magana ta kwana ba. Babban asibitin gunduma tafiyar kilomita saba'in ce, jirgi sai Asabar. Jan layin nan ba zai jira Asabar ba.

Ta koma dandali. Magajin gari yana tsakiyar jawabi. Ta sake durƙusawa gaban Hilario kamar mai gyara masa ɗauri, ta zura bakin almakashi ƙarƙashin bandejin, ƙarfen ya taɓa fatarsa.

"Compadre, tashi ka kawo motarka ƙofar gareji. In ka ƙi, zan buɗe wannan a nan, kowa ya sha kallo."

"Shi ya gaya miki?"

"Ƙafarsa ta gaya mini. Ruɓewa take yi."

Ya dube ta, ya dubi magajin gari. Ya ce shi an gaya masa ɗan ja ne kawai ƙafar ta yi. Ko gaskiya ya faɗa, har yau ba a sani ba. Ya miƙe, ya ce wa mutane ciwon ya motsa sai an duba shi a gunduma, ya tafi yana ɗingishi ana yi masa tafi.

A hanya ba wanda ya yi magana sai Casimiro, da ke kwance a baya kansa a cinyarta, yana gaya wa Hilario yana saurin canja giyar mota.

Likitan gunduma saurayi ne, ya gane Hilario tun daga ƙofa, har ya nemi ya sa masa hannu a jarida. Da ya buɗe ƙafar Casimiro sai fara'ar ta tafi. Ya tambayi yadda aka yi. Casimiro ya ce salansa ya jingina da ita wajen canja taya. Likita ya bi tsawon ƙunar da ido, daga gwiwa zuwa idon sawu, miƙaƙƙiya kamar an ja da rula, ta ci nama a hankali. Ya ce lallai tayar ta daɗe ba ta fita ba. Ya sa aka kawo allura da ruwan wanki, aka tura gadon ciki.

Sannan ya juyo ga Hilario, ya nuna masa kujera, ya ce tun da ya zo bari a ga tasa, ai ta awa uku ce, ta fi wannan.

Hilario bai zauna ba. Ya dubi Nélida. Ita kuwa likitan take kallo.

"Ta mijina fa, za a bar masa ita?"

Likita ya ce da sun kai gobe da zarto za a yi magana. Yanzu dai yana ganin za ta tsaya, ko da yake sai an ɗebo fata daga cinya an yi faci, kuma ba zai ƙara taka ta daidai ba.

Ta dubi bandejin Hilario. A shekara goma sha ɗaya ba ta taɓa yi wa likita ƙarya a kan ciwo ba.

"Ta compadre ni na wanke ta da safe," ta ce. "Tana warkewa. Kada a buɗe, iska za ta shiga."

Likita ya dubi farin bandejin, ya dube ta, ya mayar da murfin alƙalaminsa. Ta ɗauki tsagaggen wandon ulun daga ƙasa ta bi gadon mijinta ciki.