Kabad Marar Ƙusa

A Zangon Kumasi, idan mace ta kama sabon ɗaki ko za ta yi taro, Bara'atu ake aika wa. Ita ke cewa ga inda gado zai zauna, ga inda kwanuka za su hau, ga labulen da ya dace da ƙofa. Shekara shida tana wannan sana'a, kuma ba ta ɓoye wa kowa cewa da shirme ta fara. Ta taɓa kai ɗinki gidan wata Baturiya, ta ga labule har ƙasa da tebur mai dogayen ƙafafu, ta dawo tana cusa wa mutane. Damina ɗaya ta koya mata hankali. Ruwan tsakar gida ya shigo ya jiƙa gindin labule ya yi fumfuna, tebur kuwa garwa aka ɗora masa, don ba mai cin tuwo a kansa. Tun daga nan ta daina duba ɗaki a tsaye. Sai ta shimfiɗa tabarma ta zauna, ta ga abin da mai ɗakin take gani.

Abin da ta gani kuwa ya ƙona mata rai. Adaka a kan adaka, har kusa da rufi. Mutum ya haifi 'ya'ya a garin nan, ya aurar, ya ga jikoki, amma kayansa a ƙulle kamar mota na jiransa a tasha. Ka tambaya, ya ce ai gida za a koma. Shekara arba'in ana komawa! Zannuwa na ruɓewa a ƙasan adaka, mai ɗaki na zaune a tsakiyar kaya kamar baƙuwa. Ka ce a kafa katako a bango, a ce mai gidan haya ya hana buga ƙusa, shi ke nan magana ta mutu, kowa ya ji daɗi.

Saboda haka Bara'atu ta zana nata kabad: gajere, yadda mace za ta miƙa hannu daga zaune, ƙafafunsa sun ɗaga daga ƙasa, bayansa a buɗe don iska, kuma ba ƙusa ko ɗaya, sai 'yan turaku na katako. Ta haɗa shi da gajeren labule da matasan audugar rimi masu rigar da ake cirewa a wanke. Osmanu, wani Bagonje kafinta da ke ƙera bodin manyan motoci, ya yi mata guda shida da katakon odum.

Wata guda suna jingine a rumfarsa. Mata su zo su shafa, su yaba, su ce sai sun ga wadda ta fara.

"'Yar nan," in ji Osmanu, "yabo ya cika min rumfa, ba wurin tsayawa. In Alhamis ta wuce ba wanda ya fita, benci zan yanka da su, kuma kar ki sake kawo min zane."

"Baba, ɗauko ɗaya ka biyo ni."

Gidan Hajiya Hamamatu suka nufa, babbar mai fataucin goro, wadda duk matan Zango ke kallon abin da ta sa a ɗaki kafin su sa a nasu. Ranar Alhamis za a yi sunan jikanta, kuma ta kira Bara'atu ta gyara mata ɗaki. Suka same ta a kan tabarma, adaka biyar a bayanta.

"Mma, na zo da inda kayanki za su zauna."

Hajiya ta dubi damin katakon da Osmanu ya sauke. "Na ce ki gyara min ɗaki, kin kawo min itacen girki."

Bara'atu ta durƙusa, ta tsayar da ƙafafu, ta zura allunan, ta buga turaku da tafin hannu. Kabad ya tsaya, ja, yana ƙyalli. Ta rataya labulen.

"Yana da kyau," in ji Hajiya. "Kai wa matan akawu. Ni adakata ba ta buɗuwa don ado. Ranar da na baje kayan nan, na ce wa mutanen garinmu Gwandu su cire rai da ni ke nan."

"Yaushe rabonki da Gwandu, Mma?"

"Ke, bakinki ya fi almakashinki kaifi."

"Tambaya ce kawai."

"Uwarki ba ta yi wayo ba lokacin." Hajiya ta gyara zama. "Wanda ya kafa kabad ya zauna. Na ga masu kabad, da gatari aka fitar da shi ranar tashi."

Nan Bara'atu ta gane inda ta yi kuskure wata guda cur. Tana ta yi wa mata wa'azin su yarda sun zauna, su kuwa abin da ba za su taɓa faɗa da baki ba ke nan. Ta haɗiye sauran wa'azin.

"To Mma, mu ce yau ne tashin. Mota na ƙofa, direba na ta hon. Taso ki kwance shi."

"Ni?"

"Ai ba da ni za ki tafi Gwandu ba."

Osmanu ya juya kai yana dariya. Hajiya ta harare shi, ta matso a kan gwiwa, ta ja turke ɗaya. Ya fito. Ta ja na biyu. Allo ya zame a hannunta. Kafin Osmanu ya gama tauna ɓarin goron da ta ba shi, kabad ya koma dami. Ta ɗaure shi da igiya irin ɗaurin huhun goro, ta ɗaga, ta jinjina, ta aza a ka, ta taka zuwa ƙofa ta dawo.

"Bai kai rabin huhu ba," ta ce.

"Ya shiga mota?"

"Har jaki ma ya ɗauka."

Ta sauke, ta dubi adakun. Sannan ta kwance mabuɗi daga bakin zaninta.

"Mayar da shi yadda yake. Biyu zan buɗe, uku su zauna a rufe, kuma in kika ce uffan a kansu na kore ki." Ta juya ga Osmanu. "Kai Bagonje, nawa suka rage a rumfarka?"

"Biyar, Hajiya."

"Kawo su duka ranar Alhamis, ka jera a tsakar gida. Ni zan nuna wa mata yadda ake kwancewa. Wannan yarinyar in ta buɗe baki, korar su za ta yi."

Osmanu ya sa hula, ya ce wa Bara'atu ta biyo ta rumfa da yamma, su duba ko odum ɗin da ya rage zai isa wasu shida.