Inji Mai Doguwar Wutsiya

"Shekara guda kana zagaya injuna biyu kamar kare a bakin tukunya," in ji Kawu Ulysse. "Ko matarka ba ka yi mata wannan ruwan idon ba."

"Ai ita ba a ba ni zaɓi ba, Kawu," in ji Clovis. "Ita ta zaɓe ni."

Tsohon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Clovis ya miƙe ya gyara masa siririn bututun iskar da ke hancinsa, ya koma ya zauna a matakala. Suna barandar gidan Ulysse Naquin ne, gidan katako da ke tsaye kan dogayen turaku a bakin rafi, can ƙarshen hanya a kudancin Louisiana inda ƙasa take ƙarewa fadama ta karɓa. Ba kawunsa ba ne na jini. Maƙwabci ne tun Clovis yana yawo ba wando, kuma shi ya fara ɗora masa bindiga a kafaɗa.

Clovis Pitre mutumin kirki ne, kowa ya shaida, amma ko burodi zai saya sai ya juya shi ta kowane gefe. Bara injin kwalekwalensa ya zuƙi laka a maimakon ruwa ya ƙone, ya bar shi tsakiyar fadama sauro na walima da shi. Tun daga nan ya ce sai injin laka, irin wanda iska ke sanyaya shi, farfelarsa na tuƙa taɓo kamar yadda take tuƙa ruwa. To irinsa biyu ne. Akwai mai gajeriyar wutsiya, ga ƙarfi ga gudu, kana zaune kana tuƙi kamar mai mota. Akwai kuma mai doguwar wutsiya, farfelar tana can ƙarshen wani dogon ƙarfe, sai ka tsaya da ƙafarka ka riƙe shi har kafaɗu su gaya maka, tafiya kuma ta hawainiya. Zuciyar Clovis tana kan na farkon, don shi ne a bayan jirgin surukinsa Dudley, wanda ba ya wuce shi a ruwa sai ya ɗago masa hannu.

"Ranar Asabar za a buɗe farauta," in ji tsohon da tarin ya lafa. "Ina son in ga tafkina."

Clovis ya sunkuyar da kai. Likita ya riga ya faɗa wa Noelie, 'yar tsohon, cewa ciwon ya shiga ƙashi, da wuya ya ga Kirsimeti. Tafkin kuwa yana can cikin fadama, ƙarshen wata siririyar hanyar ruwa da mahaifin Ulysse ya haƙa da shebur. A wannan watan iskar arewa takan kore ruwan zuwa teku, ta bar laka da ruwan da bai kai idon sawu ba.

Ƙofar raga ta buɗe, Noelie ta fito da kofin gahawa a kowane hannu.

"Na ji ku sarai," ta ce. "Baba, mutumin da ko juya shi a gado sai ya yi ƙara, shi za a jijjiga a jirgi? Kai kuma Clovis, da furfurarka kake biye masa?"

"Ni ban ce komai ba."

"Shirun naka ne ai na ji."

"Ke dai ba ni gahawata," in ji tsohon. "Gadon nan da kika ɗaure ni a kai, in na mutu a kansa lada za a ƙara miki?"

Noelie ta ajiye kofin da ƙarfi har ya fantsala. Ta juya ta fuskanci rafi. Sannan ta ce, ba tare da ta juyo ba, "In ya yi ƙara sau ɗaya, ka juyo da shi. Ka ji ni, Clovis?"

Washegari Clovis ya shiga gari wurin mai sayar da injuna, wani ƙato da ake kira Rodrigue, wanda ya gaji da ganin fuskarsa.

"Yau ma kallo ne, ko in share maka kujera?"

Clovis ya dafa mai gajeriyar wutsiyar. Sabo fil, baƙi, yana ƙyalli. "In na shiga laka da wannan, ruwa kamar yatsa biyu, na kuma rage gudu?"

"Sai ka zauna daram. Wannan sai da gudu yake ɗaga jirgi ya zame a saman taɓo. Nauyi gare shi. Ka murɗa shi kawai, ka riƙe haƙoranka."

"In na ci karo da kututture fa?"

"Ka yi tsalle ka dira. Ai daɗin ke nan."

Clovis ya tuna yadda tsohon ke cije leɓe in an ɗaga shi. Ya ɗauke hannunsa a hankali, ransa na sosuwa, don ya so injin nan so na gaske. "Ɗora min mai doguwar wutsiyar a mota."

Rodrigue ya buɗe baki. "Dudley zai yi maka dariya har Ista."

"Ya yi."

Ranar Asabar gari ya waye da sanyi, iskar arewa ta yi aikinta, rafin ya janye ya bar turakun gada tsirara. Clovis da Noelie suka shimfiɗa katifa a cikin jirgin, suka jingina tsohon da matasai yana fuskantar gaba, tukunyar iskarsa a gefe. Noelie ta lulluɓe shi da bargo biyu, ta ja masa hula har kunne.

Clovis ya tsaya a baya, hannu ɗaya kan sandar riƙo, ɗaya kan injin. Ya tsoma farfelar, jirgin ya motsa kamar saniya mai ciki. Ba su yi nisa ba Dudley ya taso daga baya da ruri, ya rage gudu da ya ga wanda ke kwance, ya cire hularsa, ya bi ta can gefe don kada igiyar ruwansa ta taɓa su.

"Yaron nan ya fara hankali," in ji tsohon.

Da suka bar rafin suka shiga fadama, Clovis ya rasa gane hanya. Ruwan gishiri ya cinye gaɓar, itatuwan da ya sani duk sun bushe sun tsaya farare. Tsohon ne ke nuni da yatsa daga ƙarƙashin bargo, dama, hagu, dama. Inda ruwa ya ƙare, farfelar ta ci gaba da tauna laka tana watso ta baya, jirgin yana jan ciki. In ƙasan jirgin ya goga kututture, sai Clovis ya danne hannun injin wutsiyar ta ɗago, su zame ta kai a hankali. Kafaɗunsa suka ɗauki wuta. Idonsa na kan ƙeyar tsohon, yana jiran ƙarar da za ta sa ya juya.

"Sannu ba ta hana zuwa," in ji Kawu Ulysse.

"Sai dai a daɗe ba a je ba, Kawu."

"To ina kake sauri? Ni ne mai alƙawari, ba kai ba."

Ciyawa ta buɗe, sai ga tafkin. Ya fi yadda suka san shi faɗi, bukkar ɓuyan da suke harbi daga ciki ta rushe saura turaku. Clovis ya tura jirgin cikin ciyawa ya kashe injin. Shiru ya sauko, sai iska da numfashin tsohon.

Tsohon ya laluba wuyansa ya ciro usur ɗin kiran agwagi, ya kai baki, iska ta gaza. Ya miƙa wa Clovis. Clovis ya busa.

"Allah ya isa," in ji tsohon. "Wannan ai kukan akuya ne. Tun kana yaro nake koya maka."

Duk da haka suka zo. Wasu agwagin daji suka kewayo, suka karkata fikafikai, suka sauko da ƙafafu a gaba. Clovis ya tsaya kallo, bindiga a cinya.

"Harba mana, kai! Noelie ta riga ta soya garin miya. Za ka mayar mata da tukunya ba nama?"

Clovis ya harba, ɗaya ta faɗo kusa. Ya taka cikin taɓo har gwiwa ya ɗauko ta, namiji ne mai koren kai. Tsohon ya karɓa ya ɗora a ƙirji, yana shafa gashin wuyan da babban yatsa. Ya ɗaga ido ya dubi ruwan.

"Ya isa," in ji tsohon. "Kai ni gida."

A hanyar dawowa yatsan bai fito daga bargo ba, amma sawun da suka bari a laka yana nan, Clovis ya bi shi. Sai da suka kusa fita rafi ya lura yatsan da ke shafa agwagwar ya tsaya. Ya kira, "Kawu." Ya sake kira. Ya rage injin ya durƙusa ya duba, ya cire hularsa, ya yi alamar gicciye, ya rufe masa ido. Sannan ya miƙe ya kama injin. Ruwa ya yi zurfi a nan, yana iya ƙara wuta, amma bai ƙara ba.

Noelie tana tsaye a kan gadar katakon da ake ɗaure jirgi, da cokalin miya a hannu. Tun daga nesa ta ga Clovis ba hula a kansa, ta gane. Ba ta jira ya ɗaure jirgin ba, ta sauko cikin laka da silifas ɗinta na ɗaki, ta kama gefen jirgin.

"Ya yi ƙara?" ta ce.

"Ko sau ɗaya."

Ta gyaɗa kai. Ta sunkuya ta zare agwagwar daga hannun mahaifinta a hankali, ta rungume ta a ƙirjinta. Da sauran ɗumi a ƙarƙashin gashin.