Gwajin Tsanin Tanki

A kamfaninmu na ruwa, da zarar furfura ta rinjayi baƙin gashi a kanka sai a fara tausaya maka. Tausayin har suna gare shi, wai "mai ba da shawara". A ba ka tebur kusa da na'urar kwafi, ka zauna kana amsa gaisuwar masu wucewa har ranar ritaya. Ni 'yan shekaru suka rage mini, kuma cikin bututu da laka nake son in ƙarasa su, ba a gindin fanka ba.

Mafita ɗaya ce, gwajin hawa. Ka hau tsanin babban tanki har sama ka sauko, ba tare da ka tsaya hutu ba. Wanda ya huta, tebur.

Da safen ranar gwajin uwar yarana ta tsaya a kaina ina ɗaure takalmi ina nishi.

"Baban yara, takalmi ma ya sa ka haki, ina ga tanki?"

"Takalmin ne ya matse."

"Cikin dai ya matse."

A gindin tankin na tarar da jami'ar kiyaye haɗari, sa'ar 'yata ta fari, ita ce mai yanke hukunci. Ga kuma Dogo, tsohon abokin aikina, wanda ya faɗi gwajin bara ya zama sarkin na'urar kwafi. Kallo ya zo.

"Kada ka wahalar da kanka, mutumina," in ji shi. "Na share maka kujera kusa da tawa."

Na ɗaura bel ɗin kariya, na gyara hular kwano, na kama tsani. Farkon hawan kamar saurayi. Ban kai rabi ba gwiwoyina suka fara kai ƙara, ƙirjina ya ɗauki kiɗa. Na san idan ban tsaya ba, sai dai a sauko da ni da igiya.

Mu tsofaffin injiniyoyi ba ma rabuwa da 'yar guduma a aljihu. Ka ƙwanƙwasa noti ka saurara: in ya yi ƙara tas, a ɗaure yake, in muryarsa ta dushe, ya kwance. Na zaro tawa na ƙwanƙwasa notin da ke daidai hancina.

"Baba Injiniya, ka tsaya fa!" jami'ar ta ɗaga murya.

"Wane tsayawa, 'yata? Aiki nake. Muryar notin nan ba ta yi mini ba."

Notin kuwa lafiyarsa ƙalau, ya fi ni.

Sai ga Dogo, mutumin da wayarsa ke ƙara a aljihunsa ba ya ji, yana ihu: "Ni ma na ji daga nan! Buga na hagu mu ji!"

Na buga na hagu, na karkata kai kamar likita, na ja numfashi mai daɗi. Haka muka yi har sama. In hau kaɗan, in ƙwanƙwasa, Dogo ya ba da fatawa daga ƙasa.

Da na sauko jami'ar ta daɗe tana kallona.

"Doka hutu ta hana, Baba. Ba ta hana duba noti ba. Ka wuce." Ta ɗan danne dariya. "Amma sai na faɗa wa manaja irin ƙwazon da na gani."

Ta kuwa faɗa. Washegari manaja ya kira ni ofishinsa, ya riƙe hannuna da hannu biyu.

"Injiniya, ka kunyata mu. An daɗe ba wanda ya tuna da notin tsani. Daga yau har ka yi ritaya, tsanin kowane tanki namu a hannunka yake. Noti bayan noti."

"Ranka ya daɗe, har da dogon tankin nan na bayan gari?"

"Da shi za ka fara."

Na yi godiya kamar yadda ya kamata, na fito da ƙirji a buɗe. Ofishin manaja a bene yake, hawa ɗaya kacal. Na duba hagu da dama, ba kowa, na danna lif.