Taken Madugu Issahaku

Hajiya Barakatu tana tsaye a gaban tulin doya, tana yi wa masu lodin motar Kumasi faɗa kada su karya mata kaya, sai rediyon da ke rataye a rumfarta ya saki kiɗan nan. Masu lodi suka fashe da dariya. Ɗaya ya maƙale doya a hammata ya fara sanɗa, ya tsaya cak, ya waiga hagu ya waiga dama, kamar yadda ɓarawon awaki yake yi a cikin fim. Duk kasuwar doya ta Salaga ta san wannan tafiyar.

"Ajiye min doyata tun muna shaida juna," in ji Hajiya. Ya ajiye, yana mamakin abin da ya kawo zafi haka.

Mai gabatar da shiri ya ci gaba da bayani. Wai bayan Sallah za a yi gagarumin wasa a ɗakin taron gari. Za a ɗauko kiɗe-kiɗen finafinan da samarin arewacin Ghana suka yi, waɗanda aka buga da fiyano ɗaya a ɗan ƙuntataccen ɗaki, a sake musu shiri na sosai: ƙahonin 'yan sakandare, masu goge daga Yendi, masu ganga daga Bawku. Lokaci ba zai ɗauki duka ba, don haka masu sauraro su bugo waya su faɗi wanda ya cancanta. Wani ya ce a sa na soyayya. Wata tsohuwa ta ce a sa wanda ake yi idan uwa ta mutu. Sauran kuwa bakinsu ɗaya, kiɗan ɓarawo.

Sai ga wata murya da Hajiya ta sani tun ranar da mai ita ta faɗo duniya. 'Yarta ce Zuleha, daga can ƙarshen kasuwa inda take sayar da gyaɗa.

"In ba ku sa kiɗan ɓarawo ba, kar ma ku yi wasan sam-sam koraa," in ji Zuleha a rediyo, tana dariya. "Ku sa masa ƙaho ya yi ƙara, mutanen garin Bimbilla ma su ji."

Hajiya ta miƙa hannu ta kashe rediyon.

Ba kiɗan ɓarawo ba ne. Taken kakanta ne, Madugu Issahaku, wanda ya ƙare rayuwarsa yana jan ayarin goro daga kurmi zuwa Salaga. Kurkunu ya taɓa kama shi a ƙafar hagu ya bar shi da ɗingishi, mai gogensa kuwa ya saka ɗingishin a cikin taken: taku, taku, sai a dakata a jira ƙafar ta iso. A hankali ake jan sa, daidai tafiyar jakunan da suka gaji. Idan aka jiyo shi daga bayan gari, matan gida sun san ayari ya dawo lafiya, sai kowa ya miƙe tsaye. Hajiya ba ta riski kakan ba. Amma ta ga mahaifinta, Alhaji Muniru, yana kwance ciwon ajali, Iddi mai goge ya zo gaisuwa ya ja taken a zaure, tsohon ya sa aka kama shi ta hammata aka tsayar da shi har aka gama. A gidansu ba a jin wannan take a zaune.

Ana nan sai wani fim ya fito daga Bawku, labarin wani ɓarawon awaki. Aka ɗauki taken nan aka ƙara masa sauri, aka matse shi a fiyano ya koma wani tsiyau-tsiyau. Wurin da Madugu yake jiran ƙafarsa, nan ɓarawo yake tsayawa ya duba ko an gan shi. Tun daga lokacin, akuya ta sa baki a buhun masara, kiɗan nan za a rera mata. Alƙalin ƙwallo ya yi son kai, shi za a rera masa. Hajiya ta ji tun ranar farko, ta haɗiye. A lissafinta, in ta yi magana gari zai san na gidansu ne, a riƙa bin jikokinta da shi. Gara ta yi shiru abin ya mutu don kansa. To ga shi bai mutu ba, ƙaho ma za a sa masa.

Zuleha ta iso rumfar da fara'arta. "Mma, kin ji ni a rediyo?"

"Na ji ki. Tsare min kayan nan."

"Ina za ki da ranar nan?"

Hajiya ta ɗauki jakarta. Ta gyara mayafi ta tare keken da suke kira yalo-yalo, ta ce a kai ta ɗakin taro.

Tun daga bakin titi ta jiyo su suna gwaji. Ƙaho ya cika wurin, ganga tana amsawa, kuma wallahi abin da suke bugawa ke nan, da saurin nan na rashin kunya. Ta shiga ba sallama. 'Yan sakandare suna jere a kan benci da ƙahoninsu, masu goge uku suna zaune a tabarma, a gabansu wani dogon mutum mai tabarau yana kaɗa hannu. Shi ne Shamsudeen, malamin kiɗa, mutumin Yendi, kuma shi ya yi wa fim ɗin kiɗa tun yana saurayi. Da ya ga dattijuwa a tsakiyar ɗaki ta riƙe ƙugu, ya tsayar da su, ya zo ya durƙusa irin na Dagomba.

"Mma Hajiya, sannu da zuwa. Lafiya?"

"Da lafiya ba ka gan ni ba. Kai ne ka yi wannan kiɗan?"

"Ni ne."

"Ƙarya kake. Ba kai ka yi shi ba. An yi shi tun ba a haifi uban ubanka ba."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Abin da ta shekara da shekaru tana rufewa, ta zazzage shi a gaban yaran mutane: sunan Madugu, ƙafarsa, ayarinsa, da mahaifinta da aka tsayar yana rawar jiki. Ta ce mutumin da fatake suke ba wa amanar dukiyarsu su kwanta su yi barci, shi aka mayar ɓarawon akuya. Ta ce in akwai ɓarawo a wannan magana, to ba a cikin fim yake ba.

Shamsudeen bai tashi daga durƙuson ba. Da ta numfasa ya ce, da Hausarsa ta zango, "Mma, gaskiya ne, ba ni na ƙirƙira ba. Lokacin da na zo Salaga aikin koyarwa, wani tsoho yana zama a tasha da goge. Kullum shi yake ja. Ya yi min daɗi sosai paa. Na tambaye shi na wane ne, ya ce masu shi sun daina kiran shi."

"Iddi ne ya ce haka?"

"Ban san sunan shi ba. Ido ɗaya ya mutu."

Iddi ne. Hajiya ta ji maganar ta sauka mata inda ba ta zata ba, sai fushinta ya ƙaru, don babu abin da ke tunzura mutum kamar a gaya masa gaskiya cikin ladabi. Ta tuna bikin Zuleha, da ƙannenta suka ce goge ya zama tsohon yayi, aka ɗauko mai manyan sifiku daga Tamale. Amma wannan maganar gida ce, ba ta malamin kiɗa ba.

"Don mutum ya bar rigarsa a kan igiya, sai ka ɗauka ka ɗinka wa biri?" in ji ta. "Ka cire shi daga wasanku. Yau, ba gobe ba. In na ji shi a wannan ɗakin ranar taro, da ni da kai sai gaban sarkin zango."

Ta shirya wa gardama. Ta zo da maganganun da za su kai su la'asar. Sai kawai mutumin ya ce, "To, Mma. An cire. Ku yi haƙuri." Ya juya ga yaransa ya ce su buɗe na soyayya. Yaran suka ɗan yi gunaguni, suka gyara zama. Shi ke nan.

Hajiya ta fito da nasararta a hannu, ta rasa inda za ta ajiye ta. Ta tsaya a inuwar darbejiya a bakin ɗakin tana jiran keke. Daga ciki kiɗan soyayya ya tashi, mai zaƙi kamar shayin da aka cika wa sukari. Ta ce a ranta, to, an rufe wannan babin, Madugu ya huta. Don ta wanke kunnenta daga ƙazantar da ta ji, ta fara rera taken a hankali, yadda Iddi yake jan sa.

Ya ƙi zuwa. Ta fara a hankali, kafin ta kai tsakiya ya zabura da kansa, ya koma sanɗar nan. Ta tsaya ta sake. Ta kai wurin dakatawa, maimakon ta ga tsoho yana jan ƙafa, sai ga ɓarawo yana waige a cikin kanta. Ta sake na uku, ta ji yatsun ƙafarta suna bin saurin fim a cikin takalmi.

Nan tsoro ya kama ta, tsoro na gaske. Iddi ya mutu. Alhaji ya mutu. Ƙannenta ko a jikinsu. Ita da take ganin ita ce ma'ajiyar abin, ashe shekarun da ta yi tana shiru ɓarawon ya shiga har ɗakinta ya zauna. Ta hana a buga shi a ɗakin taro, amma wa zai hana masu lodi? Wa zai hana masu kallon ƙwallo? Abin da ta yi yau bai wuce ta rufe bakin masu goge kaɗai da suka rage ba, ta bar wa akuyoyi taken kakanta.

Yalo-yalo ya tsaya a gabanta, Zuleha ce ta sauko. Ta bar wa maƙwabciya rumfa ta biyo sawu, don fuskar da uwarta ta fita da ita ba ta kwanta mata ba.

"Mma, me ya faru? Wa ya taɓa ki?"

"Biyo ni."

Suka koma ciki. Shamsudeen ya sake tsayar da kiɗa, ya fara shirin durƙusawa.

"Tashi, ban zo gaisuwa ba," in ji Hajiya. "Ka ce kullum Iddi shi yake ja. Kana tune da yadda yake yi kafin ka lalata shi?"

"Sautin yana kaina, Mma. Amma saurin, na daɗe ina bugawa da nawa."

"Ni ma nawa ya gudu. Amma tafiyar ba ta gudu ba. Mahaifina yana kwaikwaya mana ita a tsakar gida." Ta miƙa wa Zuleha jaka, ta nuna mata benci ta zauna. "Ku ajiye ƙahonin nan tukuna. Masu goge, ku dubi ƙafata."

Ta tafi can bangon ɗaki ta juyo. Mace mai jikoki, wadda ake shakkar harshenta daga kasuwar doya har tasha, ta fara takowa a gaban 'yan sakandare: dama, dama, sai ta dakata ta jawo hagu a ƙasa. Wata yarinya ta ƙyalƙyale da dariya. Hajiya ta harare ta, ba ta fasa tafiya ba. Shamsudeen ya fara rera sautin a kan takunta. Babba a cikin masu gogen ya ɗaga kayansa ya bi su.

"Ka yi sauri," in ji Hajiya. "Ina za ka? Mutumin nan daga kurmi yake tafe a ƙasa. Jira shi."

Mai goge ya sassauta. Ya sake sassautawa. Da suka kai wurin dakatawa ya bar igiyar tana kuka ita kaɗai har ƙafar ta iso. Na biyu ya shiga, na uku ya shiga, mai ganga ya sa hannu a hankali. Dariya ta ɗauke a kan benci. Hajiya ta tsaya a tsakiyar ɗaki, ta ji shi, shi ne, wanda ta ji a zauren gidansu.

"Mma," in ji Shamsudeen da murya ƙasa-ƙasa, "ko mun yi shi haka, ranar taro da sun ji farkon za su gane. Za su yi dariya. Sunan da suka sani ke nan."

"Su yi. Ai sun daɗe suna yi. Ka faɗi sunan mai shi kafin ku fara, ka bar ni da su. A layin gaba zan kasance." Ta nuna shi da yatsa. "Kuma kada ka ɗauka na yafe maka."

"To, Mma."

Zuleha tana zaune da jaka a cinya, tana duban uwarta tana duban masu goge. "Mma, wannan ba shi ne kiɗan..."

"Kada ki ƙarasa." Hajiya ta ɗaga wa masu goge hannu su ɗauko daga farko, sannan ta dubi 'yarta. "Ajiye jakar nan ki tashi tsaye."

"Don me?"

"Kakanki ne ya dawo. Ba a tarbarsa a zaune."

Zuleha ta ajiye jakar a kan benci, ta miƙe.