Hanyar Katako a Gidan Malam Ilu

A shekarar da soja suka koma bariki, Malam Ilu ma ya koma gida, sai dai shi ba wanda ya yi masa fareti. Ritaya ya yi daga ofishin da ya tsufa yana zana gine-ginen da ba a taɓa ginawa ba. Ya dawo gidansu na gado a unguwar Sheshe da zarto, da guduma, da wani tsohon buri na zama kafinta, ko da na cikin gida ne.

Ɗakin da ya ƙyalla ido a kai yana can ƙuryar tsakar gida, cike da tukwanen biki na matarsa Sa'adiyya. Da ya nemi ɗakin, ba ta hana ba, ba ta kuma bayar ba.

"Malam, yanzu mulkin farar hula ake yi," in ji ta. "An daina wayar gari a ji sanarwa a rediyo. Nuna min abin da za ka yi, in na gani na yarda."

Ya zana mata a takarda da iyakar gwanintarsa. Ta juya takardar sama da ƙasa, ta ce ita dai layuka ta gani.

Haka ya nufi shagon abokinsa Bukar a Ƙofar Mazugal, inda ake buga takardu da kwamfuta. Bukar Babarbare ne, Malam Ilu kuwa akwai jinin Fulani, don haka gaisuwarsu ba ta taɓa tafiya lafiya ba.

"Bawana, an bar kiwo an koma sassaƙa?"

"Kunna injin nan, mai zanen fuska. Aiki na kawo maka."

Bukar ya fito da faifai biyu. Manhajar farko ta injiniyoyi ce, ita ce kuma ta kwanta wa Malam Ilu a rai, don ko ba komai a ce da ita yake aiki. Amma ba ta yarda da bangon da ba miƙaƙƙe ba, a Sheshe kuwa bango yana bin ra'ayin wanda ya yaɓa shi ne. Ta biyun kamar wasan yara take, sai dai tana ɗaga ɗaki ya tsaya da launinsa, har mutum ya shiga ya zaga. Malam Ilu ya tuna wadda za a nuna wa, ya haɗiye girman kansa, ya zaɓi ta yaran.

A cikin kwamfutar suka jera tebur ƙarƙashin taga, suka rataye zarto a bango, suka tsayar da wata doguwar wadrob mai madubi, wadda ita ce zai fara yi. Matsala ɗaya ta rage. Daga lungu in ka shiga soro, sai ka karya hagu zuwa shigifa, ka sake karyawa kafin ka ga tsakar gida. Dogon katako ba ya karya kwana. Malam Ilu ya riga ya gwada da gora, ta maƙale, ta tuge masa hula.

"Wannan ai ba aiki ba ne," in ji Bukar. Ya ja ƙofofin a fuskar kwamfutar, suka yi sahu ɗaya. Katako zai shige ɗoɗar har ɗaki. Malam Ilu ya yi mamakin yadda kakansa ya gina gida a murɗe haka ba dalili.

Ranar da Sa'adiyya ta dawo daga wani suna, ya biyo da ita ta shagon. Ta gyara mayafi ta zauna. Bukar ya fara tafiyar daga waje, don a ga kyan hanya. Ƙofa ta buɗe cikin ƙofa, har ido ya dire a gindin randa, inda Bukar ya dasa wata Baturiya mai gajeren wando don ado, ita kaɗai ce macen da manhajar ta mallaka.

"Wannan wace ce?"

"Ke ce, Hajiya. Wato a madadinki."

"To, ni ce. Mu kuma da muke kallonta, a ina muke tsaye?"

"A lungu," in ji Bukar, muryarsa ta ɗan yi ƙasa.

"Daidai teburin Gwadabe mai tsire ke nan." Ta juyo. "Malam, nan nake tsifar kai."

Malam Ilu ya zuba wa Baturiyar ido. Duk zanen da ya yi a rayuwarsa daga sama yake kallon gida, kamar shirwa. Bai taɓa kallonsa daga idon mai jiran a yanka masa tsire ba. A ransa ya nemi afuwar kakansa.

"Ɗaki na ba ka," in ji Sa'adiyya tana miƙewa. "Tebur ɗin ya yi kyau. Amma ƙofofina su zauna inda na same su. In katakonka ba zai iya sallama ya karya kwana kamar kowa ba, ya tsaya a waje."

Bukar ya mayar da ƙofofin. Da ya kai kan wadrob ya dakata, ya dubi abokinsa.

"Goge ta," in ji Malam Ilu.

Tun daga nan a lungu yake yanka katako gunduwa-gunduwa kafin ya shigar, 'yan majalisar Gwadabe suna ba shi shawarar da bai nema ba, a kan zarto da a kan sabuwar gwamnati. Duk abin da ya fi tsawon hannunsa ba ya yi. Akwatin yaji yake yi, da marataya, da kujera 'yar tsugunno.

Kujerar farko ƙafarta ɗaya ta gaza, tana ɗan rawa. Sa'adiyya ta sa mata murfin kwalba, ta ajiye ta a gindin randa, ta kwance ɗankwali.